Labarin Yadda A Ke Shirya Wasannin Telebijin Na Da, Da Abin Da Ya Sami Faya-fayansu

Dattawan da ke zaune yau a Gidan Dare, da Kanwuri, da Rijiyar Ɗorowa, da sauran unguwannin birnin Sakkwato, in aka tambaye su labarin wajen shekarar 1980, za su faɗi yadda unguwa ta kan yi tsit bayan sallar lisha ran da za a nuna wasan kwaikwayo. A zamanin nan akwatin telebijin bai yawaita ba. Attajiri ko babban ma'aikaci ke da shi, ya kan sa a fito da shi ƙofar gida a ɗora bisa tebur, yara su zauna a ƙasa, manya bisa tabarmi, mai shayi ya matso da kayansa kusa. Abin da ya bayyana a fuskar akwatin kowa ya gani. Abin da za a bayyana a nan shi ne aikin da ke bayansa, watau yadda a ke haɗa wasan tun yana bakin mutane har ya shiga faifai, da kuma abin da ya sami faifan daga baya, gama a nan ne hasarar ta ke.

Telebijin ya fara aiki a Nijeriya a birnin Badun ran 31 ga watan Oktoba 1959, gwamnatin Jihar Yamma ce ta kafa shi. Inugu ta biyo baya a 1960. Jihar Arewa kuwa ta buɗe nata a Kaduna a watan Maris 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila, EMI da Granada. Sakkwato ba ta sami nata gidan ba sai a 1975, sa'ad da ta ke hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana bisa gado. A 1977 gwamnatin soja ta yi doka ta haɗe gidajen telebijin na ƙasa duka ƙarƙashin hukuma guda, ita ce NTA, aka raba ƙasar shiyya shida, Sakkwato ta zama mazaunin ɗaya daga ciki.

To, amma kada mai karatu ya zaci akwatin ne ya kawo wa Hausawa kwaikwayo. Ya tarar da shi a gida. Akwai tashe da yara ke yi cikin watan azumi, akwai wasan gauta da matan fada su kan yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, akwai 'yan kama waɗanda ko malamai ba su tsira daga bakinsu ba, su ɗauki salon mai wa'azi su cika shi da zancen tuwo da miya. Sa'an nan Turawa suka zo da majigi, motar da ke yawo gari gari tana haska hoto a jikin farin ƙyalle, inda aka san Baban Larai da gargaɗinsa ga manoma. Ta wajen rubutu kuma ƙasar Sakkwato tana cikin na gaba, domin Abubakar Tunau Mafara ya fitar da Wasan Marafa tun 1949, kafin Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka fara jinsu a rediyo. Hanyoyi biyu ke nan suka iso ƙofar gidan telebijin, ta alƙalami da ta ka. Wasannin Hausa galibinsu ta ka suka bi, kuma duk abin da zai biyo baya a wannan bayani daga nan ya samo asali.

Ga yadda aikin ya kan gudana. Mai shirya wasa, wanda ma'aikata ke kira furodusa, ya kan zo da ƙashin labari kaɗai, abin da bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba: wane ya ci bashin wane, ya yi ta kwana-kwana, mai kuɗi ya kai ƙara, aka nemi shaidu, ƙarya ta tonu. 'Yan wasa su taru da yamma, domin da yawansu suna da wata sana'a da rana, wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani ɗan kasuwa, wani ma'aikacin gidan ne da kansa. A karanta musu labarin, a raba shi fitowa fitowa, a ce wa kowa ga matsayinka, ga inda za ka shigo, ga maganar da lalle sai ta fito daga bakinka domin labari ya ci gaba. Sauran zance kuwa nasa ne. A gwada sau ɗaya ko sau biyu, wanda ya kawo karin maganar da ta dace a ce ya riƙe ta, wanda ya zarce a ja masa linzami. Kowane ɗan wasa ya riga ya san halin mutumin da ya ke fitowa a matsayinsa kamar yadda ya san halin maƙwabcinsa, saboda mako mako shi ya ke ɗauka, shekara da shekaru. Ba ya bukatar a rubuta masa abin da marowaci zai ce in an roƙe shi sule, ya san shi.

Wannan hanya tana da wuya fiye da yadda a ke zato. Mai haddace rubutu in ya manta sai a tuna masa, amma mai yi da ka dole kunnensa ya kasance a bakin abokin wasansa, ya san sa'ad da zai amsa da sa'ad da zai yi shiru, ya kuma san cewa minti talatin aka ba su, ba ƙari. Amfaninta kuwa babba ne. Da a ce rubutawa aka yi, da Hausar littafi za a ji, wadda aka daidaita bisa Kananci. Da ya ke ba a rubuta ba, sai kowane gari ya yi magana da harshensa. Idon Matambayi, wasan da gidan Sakkwato ya yi suna da shi, Sakkwatanci a ke ji a ciki, da wanga da wagga da mi, har mutumin Gwadabawa ko Yabo ya ji kamar a zauren gidansu a ke zancen. A Kano a ka yi Kuliya Manta Sabo, inda Daudu Galadanci ya ke zama alƙali, ana kawo masa ƙararraki irin waɗanda kowa ya sani, na gado da aure da amana. A Jos Abdullahi Shu'aibu ya zama Karkuzu, har sunan ya danne na yanka.

A Kaduna kuwa Usman Baba Pategi ne, wanda aka haifa a 1942, Banufe ɗan gidan sarauta, ya yi aikin gidan rediyo, ya shiga soja zamanin yaƙin basasa, ya komo da abin da kunnensa ya kwaso a bariki. Daga nan Samanja Mazan Fama ya fito, a rediyo tukuna sa'an nan a telebijin. Hausar da Samanja ke yi ta bariki ce, gauraye da Turancin sojoji, mace ta zama namiji namiji ya zama mace, ga tsawa ga zare ido. Babu wani littafin nahawu da ya ƙunshi wannan Hausa, kuma marubuci na zaune a ofis ba zai iya ƙago ta ba. Sai wanda ya yi fareti da masu ita.

Sa'an nan sai ranar ɗauka. Ɗakin ɗaukar hoto ba shi da taga, domin kada haske ko ƙarar waje su shigo. Zauren da mai kallo ke gani kamar ginin ƙasa, falankin katako ne aka shafa wa fenti, aka tokare shi ta baya, in an gama a jingine shi a bango, gobe a juya shi ya zama ofis ko ɗakin shari'a. Riguna da rawuna da buta da tabarma sau da yawa daga gidajen 'yan wasan su ke fitowa. A sama an rataya manyan fitilu masu zafi ƙwarai, gama na'urorin ɗaukar hoto na wancan zamani ba su gani sai da haske mai yawa. Mai karatu ya tuna da zafin Sakkwato a watan Afrilu, sa'ad da ma'auni ke wuce 40, ya ɗora masa fitilun nan, sa'an nan ya dubi mutumin da ya sha babbar riga da rawani yana wasan hakimi, ana so ya yi fara'a. In wutar lantarki ta ɗauke a tsakiyar fitowa sai a jira injin gida ya tashi, a sake daga farko. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin ƙwayarta ɗaya in ta hau kan na'ura sai hoto ya yi zane-zane.

Na'urorin ɗauka biyu ko uku a kan girka, kowace da mai riƙe da ita, da abin ji a kunnensa. Darakta ba ya cikin ɗakin. Yana wani ɗaki dabam gaban jerin ƙananan akwatuna, kowane yana nuna abin da na'ura ɗaya ke gani, yana ba da umurni: ta ɗaya ta matso fuskar alƙali, ta biyu ta tsaya kan mai ƙara, a yanka zuwa ta biyu. Wadda hotonta ke tafiya sai jar fitila ta kama a kanta. Akwai wani mutum kuma a tsakar ɗakin, bayan na'urorin, wanda ba ya magana sai da hannu, shi ke nuna wa 'yan wasa su fara, su gaggauta, ko su naɗe zance lokaci ya ƙure. Wani yana riƙe da doguwar sanda da abin ɗaukar murya a bakinta, yana bin mai magana ta sama, yana kiyaye kada sandar ko inuwarta ta faɗo cikin hoto. Aikin daraktan wasan Hausa ya fi na takwaransa na wasan Turanci wuya ta fuska ɗaya: wancan yana da takarda a gabansa da ke gaya masa wanda zai yi magana nan gaba, wannan kuwa sai dai ya karanci fuskokin mutanensa ya yi hasashe.

Samun mata masu fitowa ya kasance da wahala a farkon al'amari, domin iyaye da mazaje ba su ɗauki abin da daraja ba, malamai kuma sun yi magana a kan cuɗanyar maza da mata. Waɗanda suka fito sun sha surutu. Masu shirya wasannin sun san idon gari yana kansu, saboda haka suka kiyaye sutura da lafazi, suka riƙa karkata labari wajen gyaran hali, har ya zama dattijon da ke ƙyamar gidan silima ya kan zauna ya kalli shari'ar Kuliya tare da iyalinsa.

Gidan Sakkwato yana da wani abin alfahari da ba kowa ya sani ba. Cikin ma'aikatansa na farko a 1975 akwai Peter Igho, mutumin Urhobo haifaffen Jos, mai jin Hausa. A 1978 hukumar NTA ta sa gasar wasan kwaikwayo tsakanin gidajenta, sai wasan da ya shirya daga Sakkwato, mai suna Moment of Truth, ya zo na ɗaya, alhali ga Ikko ga Badun da suka riga ta da shekaru masu yawa. Dalilin wannan nasara aka danƙa masa babban aiki, shi ne Cock Crow at Dawn, watau carar zakara da asuba, wanda aka fara nunawa a ƙasa duka a 1980. Wasan Turanci ne a kan iyalin da suka baro birni suka koma noma, kuma ya zo daidai da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari. Bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa, aka fita daga ɗaki aka ɗauke shi a ƙauyuka da gonakin ƙasar Jos, ya kai kashi 104. Bongos Ikwue ya yi waƙarsa. Kasimu Yero na Zariya ya fito a matsayin Gaga, Sadiq Daba kuma, wanda shi ma ya yi aiki a gidan Sakkwato, ya fito a matsayin Bitrus. 'Yan kasuwa za su lura da bambancin: wasan da ke da banki a bayansa yana da marubuci, da mota, da kuɗin kwana a ƙauye. Wasannin Hausa na mako mako kuwa da ɗan abin da gidan ya ware a ke yinsu, ladan ɗan wasa bai taka kara ya karya ba, suna ne ribarsa.

Yanzu sai batun faifai. A farkon zamanin telebijin babu hanyar adana hoto mai sauƙi, wasa yana gudana ana watsa shi nan take, in ya wuce ya wuce kamar zancen kasuwa. A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar da ke ɗaukar hoto bisa zare mai faɗin inci 2, kuɗinta dala 50,000, girmanta ya kai na babban kabad. Gyaran kuskure a wannan zare sai da reza, a yanke a liƙe, saboda haka a kan gwammace a sake fitowa ɗungum. A 1971 kamfanin Sony na Japan ya fito da kaset ɗin U-matic, babba yana cin awa ɗaya, ƙarami na ɗauka a kafaɗa minti 20, wanda ya sawwaƙe fita waje ɗaukar hoto a kasuwa ko bakin gulbi. Betacam ya biyo a 1982. Dukansu daga ƙasashen waje a ke sayo su da kuɗin waje, kuma dukansu suna da hali guda: ana iya shafe abin da ke kai a ɗora wani. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, darajar naira ta karye daga 1986, sabon kaset ya zama abin nema. Ma'aikacin da aka ce ya ɗauko taron gwamna gobe da safe, ga shi babu sabo a sito, ba shi da dabara face ya miƙa hannu bisa kanta ya ɗauko na wasan makon jiya.

Ba Nijeriya kaɗai ta yi haka ba. Gidan BBC na Ingila, duk da arzikinsa, ya yi shekaru yana shafe faya-fayansa har wajen 1978, ya hallaka kashi masu yawa na shahararren wasansa Doctor Who. Abin mamaki, a watan Oktoba 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, ya tsinci kashi 9 daga cikin ɓatattun a wani ɗakin ajiya na gidan telebijin a Jos, cikin gwangwanayen fim da aka aiko tun da daɗewa aka manta da su. Waɗanda suka ɓata suka ragu daga 106 zuwa 97 a wannan shekara, Ingila ta yi murna. Ajiyar Turawa ta kwana lafiya a Jos shekaru da yawa, domin bisa fim ta ke, shi kuwa fim ba a shafe shi a sake.

Malamai za su fi kowa gane nauyin wannan al'amari. Almajiri ya kan wanke allonsa in ya kiyaye darasi, ba a kuwa kira wannan hasara ba, domin littafin da aka kwafo yana nan a gafaka, kuma karatun yana nan a ƙirji. Turawan BBC da suka shafe faifai, takardun wasan suna nan a ajiye, kalma kalma. Wasan Hausa kuwa ba shi da littafi a bayansa. Shafi ɗayan nan na furodusa ƙashi ne ba tsoka, maganar da ta sa jama'a dariya ko ta sa su jinjina kai sau ɗaya aka faɗe ta, kaset ne kaɗai ya riƙe. In aka shafe shi an wanke allon da ba a kwafo daga ko'ina ba. Saura ƙirji, su kuwa masu ƙirjin suna ta tafiya: Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Usman Baba Pategi kuma a 2023. Abin da ke cikin kaset ɗin ya wuce raha. Akwai Hausar Sakkwato ta shekarun 1970 da 1980 yadda a ke furta ta, da gaisuwarta, da yadda talaka ke zama gaban hakimi, da yadda a ke ciniki da rantsuwa da biko. Birnin da ya adana rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello shekara ɗari biyu, har aka sa wa gidan adana tarihinsa sunan Waziri Junaidu, ya san darajar kwafi.

Irin nan bai mutu duka ba. Ƙungiyoyin wasan da suka goge a gidajen telebijin su ne suka haifi finafinan bidiyo na Hausa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Waɗansu gutsattsarin Samanja da na Karkuzu kuma suna yawo a YouTube, hotonsu dishi-dishi, muryarsu tana rawa.

Kaset ɗin da ya tsira daga shafewa ma yana da ajali. Sinadarin da ke riƙe hoton bisa zare yana shan laima, ya yi danƙo, ya manne, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa. Masana su kan gasa irin wannan a tanda ta musamman da ɗan zafi kaɗan na sa'o'i masu yawa, domin ya yarda a juya shi sau ɗaya a kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Na'urorin da ke karanta U-matic an daɗe da daina ƙera su, masu gyaransu kuma sun tsufa. Akwai wata taska da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce gidajen attajirai. Su ne suka fara sayen bidiyo a shekarun 1980, waɗansunsu sun riƙa ɗaukar wasa daga akwati domin iyali su sake kallo, mai yiwuwa ne kaset ɗin da ke ƙasan adaka a wani gida na Gidan Dare ko Mabera shi kaɗai ya rage na wannan kashi a duniya. Wanda ya gaji irinsa kada ya jefa shi cikin tsohuwar na'ura mai ƙura don ya gwada, gama tana iya cinye zaren. Ya ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, a ɗaki mai sanyi, nesa da rana da laima da lasifika mai maganaɗisu, ya rubuta a jikinsa abin da ya tuna na sunan wasan da shekarar ɗauka, har ya sami wanda ya iya kwashewa.